Kifi nawa ne a tafkin nan? Lissafin kama, sa shaida, saki, sake kamawa

Duk shekara da ruwa ya fara ja baya a fadamar nan tamu ta ƙasar Haɗeja, musu ɗaya ne yake dawowa majalisa kamar bashi. Dattawa su ce kifi ya ƙare, tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 aka zo aka ƙara da na Challawa a 1992 ambaliyar da take cika fadama ta ragu, abun da ake kamawa yanzu ko rabin na da bai kai ba. Samari kuma su ce Baba kifi fa yana nan, kacalla ce ta cinye bakin ruwa ya samu maɓoya, koma ba ta shiga, kwale-kwale ba ya ratsawa. Ni dai ina gefe ina ji, kuma abun da na lura kowannensu hujjarsa ɗaya ce, wato abun da ya fito a raga. Toh shi kuwa abun da ya fito a raga abu biyu ne a cakuɗe, yawan kifin da ke cikin ruwan da kuma sauƙi ko wahalar kama shi. Kifi zai iya raguwa kamu ya ragu, kuma zai iya zama yana nan daram kamun ne ya yi wuya, a kwando duka kamarsu ɗaya.

Masu nazarin namun daji sun daɗe suna fama da wannan matsalar, don su ma ba akuyoyi suke kiwo ba balle da yamma su tsaya a bakin garke suna ƙirga. Dabarar da suka fi dogara da ita, in ka ji ta da farko sai ka ce wasan yara ne. Ka kama wasu, ka sa musu shaida, ka sake su, ka bari su gauraya da 'yan uwansu, ka dawo ka sake kamu, sai ka duba cikin kamu na biyu nawa ne masu shaida.

Da wake nake gwada wa yara. Ka cika ƙwarya da farin wake ba tare da ka san adadinsa ba, ka ɗebi hannu guda ka ƙirga ka shafa musu shuni su bushe, ka mayar ka girgiza sosai, ka rufe ido ka sake ɗiba. In a ɗiba ta biyu kowane wake goma akwai mai shuni ɗaya, toh waɗanda ka rina su ne kashi ɗaya cikin goma na duk ƙwaryar, tunda ka san adadinsu sai ka ninka sau goma, shikenan. A kifi mu ce ranar farko an kama tarwaɗa 60 an ɗan yanke musu gefen fiffike an saki. Bayan kwana uku aka kama 80, aka tarar 12 masu yanka ne. Sai a ninka 60 sau 80 ya ba da 4,800, a raba da 12, ya ba da 400. Ba ka taɓa ganin 400 ɗin da idonka ba, iyakar waɗanda suka ratsa hannunka 128 ne, amma masu shaidar nan 12 sun ba ka labarin sauran.

Sunayen mutum biyu ne suka manne wa lissafin. Akwai Petersen ɗan ƙasar Denmak da ya riƙa maƙala wa kifin teku alama, aikinsa ya fito a 1896, sai Frederick Lincoln na Amurka wanda a 1930 ya yi amfani da zoben da ake sa wa agwagin daji a ƙafa ya ƙiyasta yawansu, shi kamunsa na biyu ma maharba ne, yana duba cikin agwagin da suka harbo nawa ne masu zobe. A nan Afirka ma an jima ana yi, wani Bature Jackson tun shekarun 1930 yake ɗiga wa ƙudan tsando fenti a baya a Tanganyika, Tanzaniya ta yanzu, yana saki yana sake kamawa. Ka ji mai haƙuri.

Amma fa 400 ɗin nan kada a ɗauke ta kamar kuɗin da aka ƙirga aka ɗaure da roba. Da ace ranar 11 aka samu maimakon 12, amsa 436 ce, da 13 ne 369. Wannan da sauƙi. Bala'in yana inda masu shaidar da suka dawo 'yan kaɗan ne, in 3 ne amsa 1,600, in 2 ne 2,400, in 1 ne 4,800, kaga kifi ƙwaya ɗaya da ya zille ta ƙasan raga ya ƙara wa tafki kifi 2,400 a takarda. In kuwa ba ko ɗaya lissafin ma ya tsaya cak don ba a rabawa da sifili. Shi ya sa wani masani Chapman a 1951 ya yi masa ɗan gyara, a ƙara 1 a kan kowace lamba kafin a ninka a raba, daga baya a cire 1, a misalinmu na farko sai ya ba da 379. Gyaran yana rage zuƙin lissafi in lambobi ƙanana ne, amma ba ya maye gurbin fita kamu da yawa. Ni duk wanda ya ce min dabba kaza guda kaza ce a daji kaza, bai ce tsakanin kaza da kaza ba, bai kuma faɗi masu shaida nawa suka dawo hannunsa ba, sauraronsa kawai nake.

Sai kuma sharuɗɗan, nan ne ainihin maganar take, don wake a ƙwarya ba ya haihuwa, ba ya gudu, ba ya wayo, kifi kuwa duk yana yi.

Na farko sai ruwan ya zama a rufe tsakanin kamu biyun, ba shiga ba fita. Tafkin da ya yanke da kogi da rani ya cika wannan sharaɗin daidai gwargwado, amma da damina ko lokacin da ambaliya ta haɗe fadama da kogi ai ba ka ma san iyakar abun da kake ƙirgawa ba, tafkin ne ko kogin Haɗeja gaba ɗaya. Tarwaɗa ma ba a yarda da ita ɗari bisa ɗari, kowa ya san in ƙasa da danshi da dare tana iya jan ciki ta bar wannan kududdufin ta koma wancan. Kuma a samu wani ya faki ido ya sa mali cikin dare tsakanin kamun farko da na biyu, wannan ma abu ne da sai an yi da Sarkin Ruwa kafin a fara. Shi ya sa ake son tazarar ta zama gajeriya, amma kuma kada ta yi gajartar da masu shaida ba su gama bazuwa cikin sauran ba, in ka sake su a mashaya gobe da asuba ka dawo ka jefa birgi a mashayar su za ka yi ta kamawa, kamar ka ɗebi wake ba ka girgiza ƙwarya ba.

Na biyu shaidar kada ta goge. Wannan ni da kaina na sha shi. Akwai shekarar da na ɗauki ɗalibai muka ce bari mu ƙirga ƙadangarun da ke katangar makaranta da jan farce, muka yi ta fama da zarge na tsinken tsintsiya muka ɗiɗɗiga musu a baya, sai hutu ya ratsa muka yi makonni ba mu koma ba. Da muka dawo masu jan farce sai 'yan tsiraru, lissafi ya ba mu wani adadi da ko duk ƙadangarun garin aka tara ba za su kai ba, yara sai murna suke. Sai daga baya na tuna ƙadangare yana saɓa, fentinmu ya tafi da tsohuwar fata. Haka fiffiken kifi yake tofowa in an daɗe, haka zoben tsuntsu yake sudewa ya faɗi. Duk shaidar da ta ɓata, mai ita zai shigo kamu na biyu a matsayin baƙo, lambar da ake rabawa da ita ta ragu, amsa ta kumbura.

Kuma shaidar kada ta cutar da mai ita. An taɓa bin wasu tsuntsayen yankin ƙanƙara da ake kira fengwin tsawon shekara 10, sakamakon ya fito a 2011, aka ga waɗanda aka ɗaura wa ƙarfe a fiffike sun fi mutuwa kuma 'ya'yan da suka raina sun gaza na marasa ƙarfen da kusan kashi 40 cikin 100. Wato abun awon ne yake lalata abun da ake aunawa. Yanzu da yawa sun koma wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sokawa ƙarƙashin fata, ana karanta lambarta da inji.

Na ukun shi ya fi duka wuya, wai kowace dabba damar kama ta ta zama ɗaya da ta sauran. Wannan a duniya ban ga inda yake cika ba. Wanda ya taɓa ɗana wa makwarwa tarko ya san wadda ta kuɓuta sau ɗaya ba ta sake bi ta wurin. In tarwaɗarmu masu yanka sun koyi gudun raga, maimakon 12 sai 6 su shigo, lissafi ya ce 800 alhali 400 ne. Akwai kuma kishiyar haka, ɓeran da ya shiga tarkon waya ya ci gyaɗa aka sake shi lafiya lau gobe shi zai riga kowa zuwa, ya samu gidan biki, in irin haka ta sa 24 suka dawo sai lissafi ya ce 200. Kuskuren farko ya fi ban tsoro a wajena, don shi ne zai sa a ce kifi ya yi yawa a buɗe su a kwashe har da iri. Maganin da ake yi shi ne canza hanyar kamu, na farko da gura na biyu da koma, don wayon da kifi ya koya a kan ɗaya kada ya yi masa aiki a kan ɗayar.

Sannan ga idon raga. Kifin da ya fi ƙanƙanta ya wuce ta ido bai san ma ana yi ba, don haka amsarka ta kifin da ya isa kamu ce kawai. Ga kuma maganar samarin majalisa, kacalla. In akwai kifin da zamansa cikin kacalla ne ba ya fitowa fili ko kaɗan, ba zai shiga kamun farko ba ba zai shiga na biyu ba, lissafin bai san da shi ba sam, 400 ɗin ta masu yawo a sarari ce. Toh kaga ko da wannan dabarar ba lallai a kashe musun nan a zama ɗaya ba, sai dai aƙalla za a san wane ɓangare ne aka auna wane ne ba a taɓa ba. Abun da ke taimakawa shi ne yawaita zagaye, wata malamar lissafi a Amurka Zoe Schnabel tun 1938 ta fitar da yadda za a haɗa kamu da yawa a jere, kuma in kowace dabba tana da lambarta ta kanta, yadda wasu suke ta maimaita shigowa wasu sau ɗaya tak shi kansa yana nuna maka cewa damar ba ɗaya ba ce.

Wannan duk ƙirga ce. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce nawa ne suke kai wa baɗi, don garken da yake da yawa yau amma manyansa suna mutuwa fiye da yadda ake haihuwa ya riga ya kama hanya. A nan ba maganar rufaffen tafki, shekaru ake bi, ana haihuwa ana mutuwa ana ƙaura.

Mu ce bana an sa wa kurciyoyi 100 zobe mai lamba. Baɗi aka kafa raga aka kama 30 daga cikinsu. Mai gaggawa zai ce 70 sun mutu. Amma don ba ka ga mutum a kasuwar Maigatari ran Alhamis ɗin nan ba ai ba za ka wuce gidansu gaisuwar mutuwa ba, ƙila bai zo ba, ƙila ya zo yana kara kana layin hatsi. Sai a jira shekara ta uku. Mu ce a ta ukun an kama 18 daga cikin 100 ɗin farko, aka buɗe littafi aka ga 9 an gan su a shekara ta biyu, 9 kuma ba a gan su ba. Su 9 ɗin nan na biyu su ne zinariyar aikin gaba ɗaya, don tabbas suna raye a shekara ta biyu tunda ga su a ta uku, ragar ce kawai ta kuskure su. Kenan cikin waɗanda muka tabbatar suna da rai a shekara ta biyu rabi kawai muka kama. In rabi muke kamawa kuma mun kama 30, toh masu rai wajen 60 ne. Daga kashi 30 cikin 100 an koma kashi 60, ba tare da an ƙara ganin tsuntsu ko ɗaya a waccan shekarar ba.

A littafin kowane tsuntsu layi guda ne, kowace shekara a rubuta 1 in an gan shi 0 in ba a gani ba. Mai 111 ba shi da matsala, mai 101 shi ne malaminmu, mai 100 kuwa shi ne abun tuhuma, ko ya mutu tun shekarar farko, ko ya rayu an kuskure shi sannan ya mutu, ko yana nan har yau yana cin gero a gonar wani. Lissafin da ke raba wa waɗannan hanyoyin nauyi mutum uku ne suka gina shi, Cormack a 1964 da Jolly da Seber a 1965, shi Cormack a kan wasu tsuntsayen teku na arewacin Sikotland ya yi nasa. Yanzu kwamfuta ke yi, akwai manhajar da ake kira MARK da aka rubuta a jami'ar jihar Kolorado, kyauta ake sauke ta. Amma ko kwamfutar akwai abu biyu da suka gagare ta. Shekarar ƙarshe ba ta da wata a gabanta da za ta tona waɗanda aka kuskure, don haka a nan ba a iya raba mutuwa da rashin gani, shi ya sa aikin shekara biyu ba ya ba da amsar rayuwa, kuma shi ya sa nake jin haushin irin aikin da ake ba kuɗin shekara ɗaya ko biyu a zo da mota da raga a yi hoto a tafi. Na biyu, wanda ya tafi bai dawo ba da wanda ya mutu a littafi layinsu iri ɗaya ne. Kamar ɗan ci-rani ne da ya tafi Legas ya yi aure can ya zauna, a lissafin mai unguwa ya fita daga gari, amma yana can da ransa. Don haka lambar da ake samu ta waɗanda suka rayu kuma suka zauna ce, a kullum tana ƙasa da ta gaskiya ko daidai da ita, ba ta wuce ta.

Akwai kuma mai ɓacewa na ɗan lokaci, irin gaiwa da take shigewa cikin laka ta kwana rani guda. Wani aiki da aka yi a wani ƙauye a Mali yana burge ni a kan wannan. Ana ta musu ina sauron zazzaɓi yake shiga da rani a Sahel, mutuwa yake yi wani ya zo daga nesa da damina ko ɓuya yake. Aka shafa wa sauro kusan 7,000 fenti a ƙarshen damina aka saki, bayan wata 7 da ruwan farko ya sauka aka kama mace guda ɗaya da fentinta, rahoton ya fito a 2010. Guda ɗaya ba ta isa a yi lissafin adadi ba kamar yadda muka gani, amma ta isa ta nuna cewa sauron da aka sani da 'yan makonni yana iya ƙetare rani.

Ba kowace dabba ce sai an kama ba. Bafulatani ba ya sa wa shanunsa lamba amma ya san kowace da kamanninta, toh haka raƙuman dawan Kure da ke kusa da Yamai a Nijar, zanen jikin kowane daban ne kamar zanen yatsa, da hoto ake gane su. A 1996 ba su wuce 50 ba, daga baya suka haura 600, kuma an san haka ne don ana bin su ɗaya bayan ɗaya. A Indiya Ullas Karanth a shekarun 1990 ya riƙa ɗaure kyamara a hanyoyin daji a Nagarahole tana ɗaukar damisar can mai ratsi-ratsi, hoton farko shi ne sa shaida, na biyu shi ne sake kamu, lissafin dai shi ne na wake. Dajin Falgore da ke nan Kano irin wannan ya dace da shi, in ka cire tsoron kada a kwance kyamarorin.

Zoben tsuntsu kuwa wani malamin makaranta ne ɗan Denmak, Mortensen, ya fara shi da tsari a 1899, kuma har yau a Najeriya ana yi, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum a Jos suna sa zobe suna sake kamawa shekara da shekaru. Mu kuma nan Baturiya da duk dausayin Haɗeja zuwa Nguru masaukin baƙi ne, da hunturu agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suna ƙetaro Sahara daga Turai su sauka, wasunsu da zobe a ƙafa, an buga lamba da sunan garin da za a aika labari. Kowane zobe layi ne a littafin wani da ya tsaya a 100, wato an ga tsuntsun sau ɗaya ba a sake ganinsa ba, yana jiran ya ji ko mutuwa ce ko tafiya. A Amurka da suka ga ba kowane maharbi ke kai rahoto ba sai suka riƙa sa wa wasu agwagin zobe mai ladan dala 100, bambancin dawowar masu lada da marasa lada ya nuna musu kashi nawa ake ɓoyewa, wato rashin kai rahoton ma sai da suka auna shi.

A wajenmu tsoro ne ya fi yawa, mutum ya ga rubutun boko a ƙafar tsuntsu sai ya ɗauka na gwamnati ne za a zo a kama shi, ko na leƙen asiri ne, kuma ba mu kaɗai ba, a Masar a 2013 har caji ofis aka kai wani babban tsuntsu ɗan uwan shamuwa saboda na'urar da masu bincike suka ɗaura masa. Wani kawuna da ya yi farauta a ƙuruciyarsa yana da guda biyu a gwangwanin da yake ajiye allura da maɓallai, na ce Kawu a ina ka samo, ya ce a fadama, na ce wace shekara, ya yi shiru ya ce lokacin dai ruwa yana zuwa har gindin tsamiyar can. Ɗayan lambar ta sude ba ta karantuwa, ɗayan na ɗauki hotonsa da waya, shi kuma ya karɓe abunsa ya mayar gwangwani.